Kafin ka biya kuɗin manhajar zanen gini, gwada ta da silin

Yawancin masu neman manhajar zana gini da bango da taga suke gwada ta. Su ja bango huɗu, su saka ƙofa, su ga hoton ya yi kyau, shi ke nan sai su biya. Ni kuwa shawarata a ɗaga kai sama. A silin ne fitilu da bututun iska da na kashe gobara suke haɗuwa, kuma a nan ake gane manhajar da ta san gini da wadda hoto kawai take yi.

Revit na kamfanin Autodesk, wanda ya saye shi a 2002, shi ne ya fi ɗaukar silin da muhimmanci. Yana da maɓalli na musamman mai hanya biyu. Da Automatic Ceiling, danna cikin ɗaki kawai za ka yi silin ya cika shi, muddin bangayen sun rufe ko'ina. Idan akwai 'yar kafa a kusurwa, ko kuma layin raba ɗaki ka sa maimakon bango, ba zai tsaya inda kake so ba. A nan sai ka koma Sketch Ceiling ka zana iyakar da hannunka. Sannan silin ɗin iri biyu ne: wanda ba shi da kauri, da wanda ake jera masa shimfiɗu, wato allon jifsam da ƙarafan da ke riƙe shi. Ka ɗauki na biyun, domin shi ne ke fitowa da kaurinsa idan aka yanka ginin a tsaye.

Abin da ke tsorata sabon hannu shi ne ya saka silin ya neme shi ya rasa. Yana nan. Taswirar ƙasa tana yanka ginin ne ƙasa da tsayin silin, don haka sai ka buɗe taswirar silin, wadda ke nuna saman ɗaki kamar an shimfiɗa madubi a ƙasa. A can za ka ga layukan tayil masu milimita 600 sau 600, ka kama layi ɗaya ka matsar har gutsuren da ke bakin bango ya yi daidai hagu da dama. Fitilar da ka maƙala tana bin silin idan ka ɗaga shi ko ka sauke shi. Amma a kula, ranar da ka goge silin, fitilun da ke jikinsa duk sun tafi tare da shi. Revit a Windows kaɗai yake aiki, kuma haya ake biya, ba saye ba. Ƙanensa Revit LT ya fi araha, silin ɗinsa ɗaya ne, sai dai babu kayan injiniyan lantarki da bututu, kuma mutum biyu ba sa aiki a fayil ɗaya lokaci guda.

ArchiCAD na Graphisoft, kamfanin ƙasar Hangari, wata hanya ya bi. Masu amfani da shi da kayan zana dekin suke yin silin: a rage kauri, a ɗaga shi zuwa tsayin da ake so, a taɓa cikin ɗaki da Magic Wand, wato sandar manhajar da ke bin iyakar bango, sannan a yi masa rajista a matsayin silin. Wannan rajistar ba abin wasa ba ce. Idan ka manta da ita, lokacin da ka tura fayil ɗin IFC (irin fayil ɗin da manhajojin gini daban-daban ke iya buɗewa) ga injiniya, dekin zai gani, lissafin kaya kuma ya rikice. Taswirar silin ma kai za ka shirya ta da kanka sau ɗaya ka adana. Ladan wannan wahalar shi ne 'yanci, domin silin mai lanƙwasa ko mai hawa-hawa ya fi saurin fitowa a nan, kuma yana aiki a Mac.

SketchUp, wanda Trimble ya karɓa daga Google a 2012, ba ya bambanta silin da tebur. Fili ne ka ja shi ya yi kauri. Ga mai ƙawata ɗaki da ke son nuna wa mai gida hoto gobe da safe, ya wadatar. Ga wanda zai ƙirga tayil, bai isa ba. Chief Architect kuma na masu gidajen zama ne: da ka rufe ɗaki silin ya samu da kansa, tsayinsa kawai za ka gyara. Wanda aljihunsa bai kai ba yana da FreeCAD kyauta, amma ya shirya yin abubuwa da dama da hannu.

Revit da ArchiCAD duk suna ba da kwana 30 na gwaji. Zana ɗaki mai kusurwa shida, sauke silin a gefe ɗaya da milimita 300, saka fitila shida, sannan ka matsar da bango ɗaya ka ga abin da ya biyo shi. Idan da injiniyoyi kake aiki kullum, ni Revit zan ce ka ɗauka.