Kafireta mai CFM 750 ta kusa raba ni da Monte Carlo ɗina

Wata bakwai ke nan da na cire manifol (ƙarfen da ke raba iska da mai daga kafireta zuwa silinda) da kafiretar da wani shagon kayan mota a nan Houston ya sayar mini, na ɗora manifol ɗin Edelbrock Performer da kafireta lamba 1406 mai CFM 600 (CFM shi ne ma'aunin yawan iskar da kafireta ke iya wucewa da ita a minti). Sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya rubuta wannan ba tare da na zagi kowa ba.

Motar Chevrolet Monte Carlo ce ta 1972, injin 350, wato lita 5.7, da giya mai canza kanta TH350. Ba motar tsere ba ce. Ta fita shan iska ce ranar Asabar da yamma, a sauke gilashi, a tafi a hankali, mutane na ɗago hannu a bakin danja. Da na saye ta, manifol ɗin ƙarfe na asali ne a kanta da tsohuwar kafireta Quadrajet wadda ke zubar da mai ta gindi. Maimakon in gyara ta, sai idona ya rufe da kayan alminiyam masu ƙyalli da nake gani a motocin mutane. Nan na fara jawo wa kaina.

Na shiga shagon na gaya wa saurayin da ke kan kanta komai: injin bai taɓa ganin sabon kamshaf ba, kan silinda na asali ne, kuma yawo kawai nake yi a cikin gari. Ya gyaɗa kai kamar ya ji. Sai ya ɗauko mini manifol irin mai ɗaki ɗaya, dogo, buɗaɗɗen ciki, da kafireta mai maƙogwaro huɗu, CFM 750, mai famfo biyu. Ya ce wai injin V8 numfashi yake so, in ka ba shi ƙaramar kafireta ka shaƙe shi ne. Ni kuma da ilimin kafiretata bai wuce Solex ɗin Fijo 504 ɗin babanmu ba, wadda muke hura wa jet da baki a Kaduna, sai na ce to. Na biya, na fito ina jin kaina.

Kwana biyu na yi a gareji ina ɗorawa. Farko ma gasket ɗin da ya saka mini a jaka ba nawa ba ne, na kan silindar Vortec ne, mai ramin ƙusa takwas, alhali nawa tsohon yayi ne mai goma sha biyu. Na koma na canzo, ko haƙuri bai ba ni ba. Da na gama, bonet ya ƙi rufuwa saboda tsayin manifol ɗin, sai da na sayi siririyar tukunyar filta. Duk wannan na shanye.

Abin da ban shanye ba shi ne ranar da na ɗauki uwargida da yara zuwa wata walimar suna. An yi ado, an fesa turare. Muna tsaye a danja a kan titin Westheimer, ni ne na farko a layi, wuta ta ba da hannu, na taka totur. Motar ta yi wani irin shiru kamar an toshe mata hanci, ta yi tari ta cikin kafireta, fam, ta mutu. Na yi kik, ta tashi, na sake takawa, ta yi gaba da ƙyar kamar jaki ya ga rafi, baƙin hayaƙi na fita ta salansa. Na baya sai danna hon suke. Ƙaramin yaron ya ce, “Baba, ta gaji ne?” Uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka isa. Tana fita ta shinshina gyalenta ta ce, “Maigida, turaren nawa ya koma fetur. In za mu koma gida, ni dai a samo mana wata motar.” Wallahi har yau in na tuna yadda na tsaya a wurin ajiye motoci da babbar riga, bonet a buɗe, baƙi na wucewa suna mini sannu, sai in ji kunya ta sake rufe ni.

Sati uku na yi ina fama. Na rage jet, na canza fulogi sau biyu, duk suna fitowa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na juya dilko gaba, na juya shi baya. Silo ya ƙi zama wuri ɗaya, giyar ma ta rikice wajen canzawa, domin TH350 da zuƙar injin take gane lokacin da za ta canza. In motar ta hau babban titi ta wuce juyi 3,500 a minti, sai ta farka ta yi ruri, gwanin daɗi. To amma sau nawa nake kaiwa can? A gudun mil 60 injina bai fi juyi 2,100 ba.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon makanike da ya yi ritaya, shi ya cece ni. Ya daɗe yana kallona ta kan shinge. Ranar ya tako ya leƙa, ya ga abin da ke kan injin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ciro biro ya yi mini lissafi a bayan kwalin fulogi: girman injin, 350, sau iyakar juyin da nake kaiwa, 5,000, a raba da 3,456. Ya ba da CFM 506. Kuma wannan in injin yana cika cikinsa taf da iska ne, abin da injin gida irin nawa ba ya yi. In aka ɗauki kashi 85 cikin ɗari, abin ya dawo wajen 430. Ni kuma na ɗora masa 750, wadda in ka take totur duk maƙogwaro huɗun ke wangalewa lokaci guda ko injin na buƙata ko ba ya buƙata. Iska sai ta rasa gudu, ta kasa jan mai yadda ya kamata, motar ta shaƙe. Ya ce manifol mai ɗaki ɗaya kuwa an yi shi ne don injin da ke rayuwa a sama da juyi 3,500, ni kuma rayuwata duk a ƙasa da nan take.

Shi ya sa na sayi Performer, lamba 2101. Ɗaki biyu ne da shi a ciki, an raba shi da bango, kowane ɓangare na ciyar da silinda huɗu, ana karɓa-karɓa bisa tsarin tashin wuta. Hanyoyin sun fi tsawo kuma sun fi ƙunci, don haka iska na tafiya da ƙarfi tun daga silo. An rubuta daga silo zuwa juyi 5,500, wato daidai inda nake zaune. Da dattijon muka ɗora. Ya hana ni amfani da robobin gaba da baya da ke zuwa cikin kwalin gasket, ya ce in ja layin gam mai kauri a madadinsu, kuma har yau ko ɗigon baƙin mai babu. Ya sa na yi wa dilko alama kafin in zare shi, abin da ban yi ba a karon farko har na kwana ina neman inda lamba ɗaya take.

Kik ɗaya ta tashi. Cok ɗin lantarki ya riƙe ta har ta yi ɗumi, ya sake ta, silo ya zauna lif. Na fita na nufi danjar nan ta Westheimer da gangan, don ina da bashi a wurin. Wuta ta ba da hannu, na ɗan taɓa totur da yatsan ƙafa, motar ta miƙe sumul, har bayana ya manne da kujera. Ni kaɗai a mota na yi ta dariya. Ƙaramar kafireta, gajeren manifol, amma ƙarfin da na ji a ƙasa ban taɓa jin irinsa a motar ba, ko da tana da kayanta na asali. Tsohuwar tukunyar filta ma ta koma wurinta, bonet ya rufu.

Ba zan ce daga nan ban sake shan wahala ba. Da zafin watan Yuli ya shigo, in na kashe ta na shiga kanti minti goma, sai na yi ta kik kafin ta tashi. Wannan ba laifin kayan ba ne. Fetur ɗin nan mai haɗin etanol kashi goma yana saurin tafasa, alminiyam kuma na kai zafi sama, sai man ya dahu a cikin kafireta. Faifan katako na rabin inci a ƙarƙashinta ya rage abin sosai, sannan na sa abin daidaita ƙarfin mai a kan psi 5.5, wato ma'aunin ƙarfin turin mai. Amma ka san wa na tambaya tun farko ko akwai wani abu da zan haɗa da shi saboda zafin Texas? Saurayin nan na kanta. Ya ce babu.

Kuma ga inda raina ke sake ɓaci. Na mayar musu da kayan farko a kwalinsu, na ce shawararku ce ta kai ni, ko rabin kuɗina ku ba ni, ko ku riƙe in ɗauki wani abu. Manajan ya juya kafiretar ya shinshina, ya ce tunda fetur ya taɓa ta ba sa karɓa. Na ce to yaya za a yi mutum ya san ba ta yi masa ba in bai zuba mata fetur ba? Ya nuna mini takardar da ke manne a bango. Saurayin yana gefe yana danna waya, ko ɗago kai bai yi ba. Da na fara rubutun nan na yi niyyar in ba shagon tauraro biyu saboda kayansu na gaske ne, ba jabu ba, amma da na tuno fuskarsa na fasa. Ɗaya ma don babu yadda zan ba da sifili ne.

Performer da 1406 kuwa biyar cif, ga duk mai injin 350 na gida da ke yawon gari. Wancan manifol ɗin da 750 ɗin suna nan kan kanta a gareji, na rufe su da tsohon tawul. Quadrajet ɗin ma ban yar ba. Dattijon ya ce 2101 na karɓar ta ba tare da an ƙara komai ba, kuma ya rantse in ya gyara ta za ta fi sabuwar tsimin mai, saboda maƙogwaronta na gaba ƙanana ne. Na ce masa ya bari sai bayan Sallah. Uwargida dai ta sake shiga motar sau ɗaya, amma da tsohon gyale.