Gam, huda ko canjin tanki: amsa ga mai Civic ɗin Ringim

Salam 'yan uwa. Wani ɗan uwanmu daga wajen Ringim ya yi tambaya jiya, wai an buɗe famfon man tsohuwar Civic ɗinsa da ke ƙasan kujerar baya, cikin ƙusoshi 6 da ke riƙe marfin guda 3 sun ɓalle saboda tsatsa, yanzu bakanike ɗaya ya ce a shafe da gam, ɗaya ya ce a kai walda, shi kuma ya rasa na bi.

Malam, walda dai cire ta daga lissafi tun yanzu. Tankin da aka zazzage mai ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ɗin da ya gauraya da iska a ciki shi ne ke fashewa, kuma jin ba wari a hanci ba shi ke nuna ya fita ba. Mai waldar bakin kasuwa da zai ce maka ya saba yi, toh ransa ne da naka yake caca da su.

Gam kuma shi ya fi arha, shi ya fi sauri, amma silikon ɗin nan da suke matsawa fetur cinye shi yake, ya yi laushi ya kumbura ya riƙa gutsurewa yana faɗawa tanki har ya toshe rariyar famfon, kaga an gudu ba a tsira ba. Mai haɗi biyu irin Araldite ya ɗan fi riƙewa, sai dai a kan ƙarfe mai tsatsa da maiƙo ba ya kama da kyau, ga gargadar hanyoyinmu na ƙauye da za ta yi ta girgiza shi, sannan ranar da famfon ya sake mutuwa sai an sa kurfi an fasa. In a hanya ka lalace kana so ka isa gida, ba laifi. Ya wuce haka ban yarda da shi ba.

Gasar gaskiya tsakanin huda ne da canjin tanki. Ita huda, a sauke tankin gaba ɗaya bayan an cire kan batir, a juye mai, a wanke da omo, a cika shi da ruwa kafin injin huda ya taɓa shi, sai a share guntun da ya karye a huda wurin, a zuro sabuwar ƙusa mai kauri ɗaya da ta asali daga ciki ta ramin famfon, a sa mata wasa, wato ɗan zoben nan da ake zura wa ƙusa, na jan ƙarfe don kar mai ya biyo ta, ta leƙo sama kamar yadda ta kamfani take. Aiki ne na yini guda in an samu mai haƙuri, kuma dole a kwashe garin ƙarfen tas a shanya tankin ya bushe ƙarau, in ba haka ba ruwa da ɓurɓushi su za su kashe sabon famfon da ka saya da kuɗinka. Dan Allah kar a yarda yaron shago ya yi hudar nan tanki na jikin mota.

Tanki na Belgium kuwa sai ka shiga Kano, Ƙofar Ruwa, ga kuɗinsa ga na mota ga na ɗauri, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kuma ka sani yawancin motocin nan daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suke zuwa, can tsatsar ta samo asali, taɓon daminarmu da ke kwanciya a saman tanki ya ƙarasa ta, saboda haka wanda za a miƙo maka ma yana iya zama da ciwon. Ka sa a kwance notin a gabanka, ka haska ciki da fitilar waya kafin ka biya.

Abin da zai raba maka gardama shi ne bakin ramin. Karce shi da sukundireba, in ƙarfen na nan da ƙwarinsa a yi huda, in yana ɓarewa ko ya yi ƙananan ramuka, sabuwar ƙusa ba ta da inda za ta kama, canji kawai. Da guda 1 ce ta karye da na ce sa sabuwar robar ƙarƙashin marfin ka ɗaure sauran ka tafi, tunda ƙarfin turin mai a cikin tiyo yake ba a kan marfin ba, amma 3 cikin 6 rabi ke nan, musamman in a jere suke, marfin zai ɗaga ta gefe ɗaya ka cika tanki warin fetur ya cika motar da iyali a baya.

Wajen mayarwa a canza robar, a shafa ɗan giris a ƙusoshin, a ɗaure notin ɗaya nan ɗaya can da sifana mai lamba 10 a hankali, ƙanana ne ba sa son ƙarfi. Sauran 3 ɗin da suka tsira ma a duba su, tsatsa ɗaya ce ta ci su duka.