Sharhi kan faifan Communion na The Soundtrack of Our Lives

Na sayi Communion ne domin shi kaɗai ya rage ban mallaka ba cikin faya-fayan The Soundtrack of Our Lives, ƙungiyar mawaƙa da aka kafa a birnin Gothenburg na ƙasar Sweden a 1995, bayan watsewar ƙungiyar Union Carbide Productions, inda Ebbot Lundberg ya fara suna a matsayin mawaƙi. Yawancin mutane faifansu Behind the Music na 2001 suka sani, tun da shi ne ya shigar da su takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2003, amma ni a wurina wannan aikin na 2008 ya fi shi zurfi. Waƙoƙi 24 ne a faifai biyu, jita da ogan suna ta kewaya muryar Lundberg cikin salon nan nasu mai ɗauke hankali, kuma babu inda suka gundure ni.

Sai dai mai sayarwar ya ɓata mini rai matuƙa. Ya rubuta cewa kayan sabo ne fil a ledarsa, amma da na buɗe sai na tarar da murfin a tsage, ɗaya daga cikin faya-fayan kuma da ƙarzuwa a bayansa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙarzuwar ta faɗa daidai kan "Fly", waƙar mawaƙin Ingila Nick Drake da ƙungiyar ta sake rerawa, wadda na fi ɗokin ji a faifai na asali. Da ta kai tsakiya sai sautin ya maƙale, ya yi ta maimaita wuri guda har sai na tsallake ta da hannu. Na aika masa hotuna tare da bayani cikin ladabi, amsar da ya ba ni kawai ita ce lafiya lau kayan suka bar hannunsa, kuma daga nan bai ƙara amsa saƙona ba.

Da farko na yi niyyar yafewa saboda daɗin sauran waƙoƙin, amma duk lokacin da faifan ya maƙale sai haushin ya dawo sabo. Ƙungiyar ta rabu a ƙarshen 2012 bayan fitar da faifanta Throw It to the Universe, don haka faya-fayanta ba kayan da ake samu a ko'ina ba ne, kuma mai sayar da su ya san haka sarai. Kiɗan ya cancanci kuɗinsa har da ƙari, amma ba zan sake sayen komai a hannun wannan mutumin ba.