Dungeon! da mai labari: katin dodo ya biya kuɗinsa, sauran sai da gyara

Katin dodo ne ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Dungeon! tsohon wasan allo da kati ne, David Megarry ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1975, nawa bugun 2012 ne. A asalinsa tsere ne: ka zaɓi gwarzo, ka kutsa kogo mai hawa 6, ka kashe dodanni, wanda ya fara tara zinarensa ya koma babban zaure shi ya ci. In a haka aka tsaya, ba a jimawa yake gundurar manya.

To amma a ajiye tseren, mutum ɗaya ya zama mai labari, wato mai jan ragamar wasan, sauran su haɗu ayari guda. Nan na sha mamaki. Kowane dodo an riga an rubuta masa lambar da kowane gwarzo, ɓarawo, malami, mayaƙi ko boka, zai samu da 'ya'yan lido biyu kafin ya kayar da shi. Mai labari ba ya bukatar shirin komai, ya zaro kati, ya ba dodon murya da dalilin zamansa a ɗakin, shi ke nan. Kuma wannan jifa ɗaya ta isa komai. Wani ya ce zai tsallake rami, ko ya ɓalle kwaɗo, ko ya lallashi dodo maimakon ya sare shi, sai ka yanka masa lamba: 5 in abu mai sauƙi ne, 7 matsakaici, 10 mai wuya. Cikin faɗuwa 36 da 'ya'yan lido biyu ke iya yi, 21 na kai 7, amma 6 kacal ke kai 10. Kada ƙarin gwaninta ya wuce maki ɗaya. Ɗaya yana ɗaga 21 ɗin zuwa 26, biyu kuwa 30, daga nan fargaba ta ƙare. Takardar gwarzo ba ta wuce layi uku: suna, abin da ya ƙware a kai, da abin da ya kawo shi kogon. Baƙon da bai taɓa yi ba minti 10 ya ishe shi.

Sai dai raina ya ɓaci da aka zo faɗa. Dodo bugu ɗaya yake mutuwa, don an tsara shi ne ya kara da mutum ɗaya. Mutum huɗu suka taru a kansa, hawa na 1 zuwa na 3 sun zama yawon shan iska. Dole na ba dodanni rai: bugu ɗaya a hawa 1 da 2, biyu a 3 da 4, uku a 5 da 6. Su ma gwarazan ba su da ma'aunin rai, ko dai ka zubar da dukiya, ko a kora ka baya, ko ka mutu nan take. Wanda ya raɗa wa gwarzonsa suna ya mutu da jifa ɗaya, ya koma ɗan kallo, wannan ba daɗi. Marafan kwalba suka raba gardama: mayaƙi 5, malami 4, ɓarawo da boka 3, kowane sara a cire ɗaya.

Malami ma abin tausayi, ba shi da wata baiwa tasa, alhali boka na da ƙwallon wuta da tsawa da ɓacewa ya ɓullo a wani wuri. Na ba shi ikon mayar wa wani murfi ɗaya, sau biyu a zama.

Adadin zinaren nan da ake tarawa kafin a ci, 10,000 da 20,000 da 30,000, a soke shi, in ba haka ba kowa zai saɓa nasa hanya. A ba su aiki guda, kamar ceto wanda aka tsare a hawa na 4. Ƙirga taku biyar-biyar na tafiya a kan allo ma a bar shi sai lokacin faɗa. Allon kuma a buɗe yake, har ƙofofin sirri ana gani, sai an rufe da guntayen takarda ana yayewa ɗaki-ɗaki.

Na dare ɗaya, awa biyu, ina ba da shawararsa. Mai son labarin da zai ci gaba mako-mako ya nemi wani, don gwarazan nan ba sa ƙara matsayi, kuma dodannin hawa ɗaya ba sa daɗewa kun haddace su.