Tsakanin A Court of Mist and Fury da Iron Flame, ga wanda za ki saya

'Yar uwa, tunda kin gama na ɗaya a duka jerin biyun, wato A Court of Thorns and Roses da Fourth Wing, kuma kuɗin littafi guda ne a hannunki, ki sayi A Court of Mist and Fury na Sarah J. Maas. Duka biyun suna kan kantata, amma shi ne bangonsa ya tattare saboda yawan aro.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa, bai manta da wahalar da aka sha a na ɗaya ba. Kin tuna yadda Feyre, jarumar labarin, ta ci jarrabawar muguwar sarauniya Amarantha guda uku a ƙarƙashin dutse, har ta soke aljanu biyu da ba su ji ba, ba su gani ba, don ta ceci masoyinta Tamlin da mutanensa. Da wata marubuciyar ce, sai a ɗaura aure a watse. Shi kuwa wannan, da ya fito a 2016, shekara guda bayan na farko, ya buɗe ne da Feyre tana farkawa cikin dare tana kwara amai saboda mugun mafarki, Tamlin yana kwance ko sannu babu. Yarinyar da zane ne rayuwarta ta kasa taɓa fenti, jan launi ma ba ta iya kallo. Kulawar nan ta Tamlin da muka riƙa yabawa a na ɗaya, a hankali za ki ga ta zama kulle, har ranar da ya rufe ta a gida da tsafi ya tafi abinsa.

Kuma duk ƙananan abubuwan da aka shuka a baya sai da suka tsiro. Alkawarin da ta ƙulla da Rhysand, wani sarkin aljanu, na zama a wurinsa mako guda a kowane wata, da zanen idon nan a tafin hannunta, su ne ƙofar labarin gaba ɗaya. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne karatu. A jarrabawa ta biyu saura ƙiris ta mutu don ba ta iya karanta rubutun da ke jikin bango ba. A nan sai ga Rhysand ya ajiye mata takarda da alƙalami, ya ce sai ta koya. Daren da na kai wannan babin an ɗauke wuta, da fitilar waya nake karantawa, sai gwaggona ta faɗo mini a rai, wadda ta shiga yaƙi da jahilci da furfura a kanta. Wallahi sai da na rufe littafin na ɗan jima. Ina gamawa na koma na ɗaya, na tarar kowace magana ta Rhysand ta sake ma'ana. Zan tsaya nan kada in ɓata miki labarin birnin Velaris.

Iron Flame na Rebecca Yarros kuwa, ya fito a Nuwamban 2023, wata shida kacal bayan Fourth Wing, kuma gaggawar ta nuna. Sama da shafi 600, Violet da Xaden suna ta maimaita faɗa ɗaya kan ɓoye sirri. Tairn da Andarna, dodannin Violet masu fukafukai, su ne suka riƙe ni har ƙarshe. Ki ara, kada ki saya.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa ta Instagram da WhatsApp. Na taɓa tura kuɗi bayan an nuna mini hoton na asali, aka kawo mini bugun bogi, takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, rubutu dishi-dishi, wasu shafuka a tsakiya babu su. Ki ce a ɗauko miki bidiyon ainihin kwafin ana buɗa shi, ki ga sunan kamfanin Bloomsbury a gadon bayansa, kuma in farashin ya yi araha fiye da kima, ki bar shi. In da hali, sai kaya ya zo hannu ki biya.

Abu ɗaya kuma, A Court of Mist and Fury ya fi na ɗaya fito da sha'anin kwanciya ƙarara, nesa ba kusa ba. Ni a ƙasan akwati nake ajiye nawa idan ƙannena sun zo hutu.