Bauchi zuwa Alkaleri: Motarka, Motar Tasha ko Shata?

Wanda zai tafi Kano ko Abuja daga Bauchi, tun dare yake haɗa kaya, ya duba mota, ya tanadi guzuri. Wanda zai je Alkaleri kuwa sai ka ji ya ce, "Ai nan da nan ne, yanzu zan dawo." Ina bin hanyar nan kusan kowane wata saboda goggona tana aure a can, kuma abin da na fahimta shi ne zuwa ba ya wahala. Dawowa ce ke ba mutum ciwon kai. Don haka kafin ka zaɓi motar da za ta kai ka, fara tambayar kanka wace ce za ta dawo da kai gida, kuma da ƙarfe nawa.

Tsakanin Bauchi da Alkaleri kilomita 60 ne da ɗoriya, a kan babbar hanyar Gombe. Za ka wuce Inkil da Kangere, ka haye gadar Dindima a kan kogin Gongola, sannan ka ƙarasa. Idan babu tsaye-tsaye, tafiyar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka kaɗan. Hanyar ba tagwaye ba ce, mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa, ga tireloli masu ɗauko siminti daga Ashaka, ga tankokin mai, ga shanu da ke tsallakawa ba tare da sallama ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: Alkaleri tana gabas da Bauchi. Idan ka tashi da sassafe rana tana cikin idonka, idan ka juyo bayan la'asar sakaliya ita ce dai a gabanka. Direban da gilashinsa ya yi ƙura ko ya tsage, a waɗannan lokutan rabin hanyar kawai yake gani.

Mu fara da mai motar kansa, domin shi ne ya fi yawan ruɗin kansa wajen lissafi. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tafiya da motar gida ta daina zama abin da ake yi kai tsaye. Lissafin ba shi da wuya. Zuwa da dawowa kusan kilomita 130 ne. Ƙaramar mota mai lafiya, irin su Corolla ko Civic, lita ɗaya tana kai ta kilomita 11 zuwa 12 a kan babbar hanya, wato za ta sha lita 11 ko 12. Ka ƙara da zirga-zirgar cikin gari da kunna na'urar sanyi, sai ka tanadi lita 15. Ka ninka wannan da farashin lita na ranar, ka kwatanta da kuɗin kujera ɗaya zuwa da dawowa a tasha. In kai kaɗai ne, tasha ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa ku huɗu ne, kai da uwargida da yara biyu da suka isa biyan kujera, bambancin yakan ragu har ya kusa ɓacewa, ga shi kuma lokacin tashi da na juyowa a hannunka suke.

Ka sha manka a gidan mai a cikin Bauchi kafin ka fita. Na 'yan bumburutu da ake jerawa a galan bakin hanya ya fi tsada, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

Amma mai ba shi ne duka ba. Abin da na fi jin tsoro a motar gida shi ne taya. Motar da kullum daga gida sai ofis sai kasuwa take zuwa, tayarta ba ta taɓa yin zafi sosai ba, sai ranar da aka hau babbar hanya cikin ranar watan Afrilu sannan aibinta ya fito. Ka sunkuya ka duba gefen tayar, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba. Yawancin tayoyin gwanjo da muke saya sun wuce wannan tun kafin su iso hannunmu. Ka biya wurin mai faci ya gwada iskar duka biyar ɗin, har da safaya. Sau nawa mutum zai buɗe but a tsakiyar daji ya tarar da safayar a kwance, ko jak ɗin wani maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba? Ka duba ruwan lagireto da baƙin mai tun injin yana da sanyi, ka taka birki ka ji, ka kunna fitilu ka zagaya ka gani da idonka.

Takardu ma su kasance a motar: lasin tuƙi, takardun mota da inshora. Inshorar nan ta dole da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ta koma naira 15,000 tun watan Janairun 2023. Gudun da doka ta yarda da shi a irin wannan hanya kilomita 80 ne a awa, in an shigo gari kuma 50. Wanda ya taka 120 don ya iso da wuri, abin da ya rage kusan kwata ɗaya ne kawai na awa, a hanyar da yara ke tsallakawa da tallan gyaɗa da rake.

Sai motar tasha, wadda ita ce ta yawancinmu. A nan zaɓi biyu ne: ƙananan motoci irin su Golf, Vectra da Sharon, ko bas. Ƙaramar mota tana saurin cika, shi ne babban amfaninta. Illarta matsi ne: biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har direba ya raba kujerarsa da wani. Idan da hali, ka biya kuɗin kujerar gaba duka biyu ka zauna kai kaɗai ka ɗaura bel. Ga tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon baya, wannan ƙarin kuɗi ba almubazzaranci ba ne. Bas ta fi sarari, ta fi ɗaukar kaya, kuma sau da yawa kuɗinta ya ɗan fi sauƙi, sai dai kafin mutum 14 ko fiye su taru za ka iya share awa guda kana zaune, lokacin da ya isa a ce ka riga ka sauka a Alkaleri. Ranar kasuwa ce kaɗai bas ke cika kamar ƙiftawar ido, ita ma a ranar za ka zauna ne da buhu a ƙarƙashin ƙafarka.

Abin da ya sa nake fifita shiga mota a cikin tasha a kan tare ta a bakin hanya shi ne, a tasha an san direban. Yana da layi, 'yan kamasho sun san sunansa, ƙungiyar direbobi ta NURTW ta san motarsa. In ka manta jaka akwai inda za ka koma ka yi cigiya. In ana rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa, ka rubuta na gaskiya, kar ka ga kamar ɓata lokaci ne. Motar bakin hanya takan fi araha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin ba ta biya kuɗin lodi ba, amma ba ka san ko waye a gaban sitiyarin ba, ba ka kuma san su waye aka riga aka zaunar a ciki ba.

Kana da ikon duba mota kafin ka biya. Ka kalli tayoyin, ka kalli idon direban. In jajawur suke, ko yana magana harshe na karyewa, ka haƙura ka jira ta bayanta. In kuma an hau hanya ya fara gudun wuce sa'a, ko yana ƙoƙarin wuce tirela a kan kwana, ka yi magana. Na taɓa shiga wata mota da wata dattijuwa, muna dab da gadar Dindima direba ya zaro zai wuce tanka. Ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, don girman Allah ka bi a hankali, jikokina na jirana." Ya ce, "To Baba, na ji," ya koma layinsa. Sauran mu maza biyar da muka yi shiru, kowa sai da ya sauke ajiyar zuciya. Direba yakan ji magana in an yi masa ita cikin mutunci.

Motocin gwamnati, wato Yankari Express ta Bauchi da Gombe Line ta Gombe, suna bin wannan hanya, kuma mutane da yawa sun fi natsuwa da su saboda akwai tikiti da ofishin da za a kai ƙara. Sai dai ƙarfinsu a doguwar tafiya yake. Kafin ka yanki tikiti ka tambaya ko za su sauke ka a Alkaleri, da kuma ko kuɗin rabin hanya za ka biya ko na Gombe gaba ɗaya. A dawowa kuwa kar ka dogara da su, don galibi a cike suke wucewa.

Yanzu ga zaɓin da nake ganin an fi yi wa rashin adalci, wato shata. Mutane da sun ji kalmar sai su ce ta masu kuɗi ce. Alhali ƙa'idar a bayyane take: kuɗin kujerun motar duka za ka biya. Ƙaramar mota mutum shida take ɗauka. In ku biyar ne za ku gaisuwar rasuwa ko ɗaurin aure, kujera ɗaya ce kawai ta ƙaru a kanku, ga shi babu jiran lodi, za a ɗauke ku a ƙofar gida a ajiye ku a ƙofar gida. Inda ake samun saɓani shi ne rashin yin ciniki dalla-dalla. Ku yanke magana tun a Bauchi: zuwa ne kawai ko har da dawowa? Awa nawa zai jira? Man a kan wa yake? In gidan da za ku yana wani ƙauye ne a gefen kwalta, ku faɗa masa tun farko, kar sai an isa ya ga burji ya ce sai an ƙara. Ku ba shi rabin kuɗin a tashi, ragowar in an dawo. Kuma ku ɗauki direba daga tasha ko wanda wani naku ya sani.

Ga wanda Yankari ya nufa, shata ko motar gida ce kaɗai nake ba da shawara. A Dindima ake barin hanyar Gombe a yi kudu zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran kusan kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan yake. Motar haya za ta iya sauke ka a mararraba, amma ba ta shiga ciki.

Babur kuwa, ko Keke Napep, ka bar su ga ƙauyukan da ke kusa da juna. Kilomita 60 a kan babur, tirela na wuce ka iskarta na jijjiga ka, ban yarda da shi ga kowa nawa ba.

Na ce dawowa ce matsala, ga dalilina. Da rana motoci ba sa yankewa a Alkaleri, na garin na lodi, masu fitowa daga Gombe ma suna tsayawa in suna da gurbi. Amma da zarar an yi magariba sai su fara ƙaranci, kuɗi ya hau, zaɓi ya ƙare. Wata rana hira ta yi daɗi a gidan goggo, tana ta cewa, "Ku tsaya ku ci tuwo mana, ai ba nisa." Muka tsaya. Da muka fito bakin titi ni da maiɗakina da jaririya a goye, sai da muka yi fiye da awa ɗaya a tsaye cikin sanyin hunturu. Motar da ta tsaya mana a ƙarshe fitilarta ɗaya ce ke aiki, ga hazo ya rufe hanya, duk babbar motar da ta taho sai ta dallare mu direban ya rage gudu yana laluben gefen kwalta. Da rana ce da ko kallon motar nan ba zan yi ba. A daren na shige ta da iyalina don babu wata.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka. In da motar tasha na je, da na idar da sallar la'asar nake sallama, komai daɗin zance. In na san hidimar za ta kai dare, kamar biki ko zaman makoki, to ko dai in ɗauki shata mai jira, ko in tafi da shirin kwana in biyo motar farko da safe. Da motata ma ba na son tuƙin dare a hanyar, musamman da damina, lokacin da ruwa ke cika ramuka ka kasa bambance mai zurfi da marar zurfi, ga kuma manyan motoci da ke lalacewa a bar su a kan hanya da 'yan ganyaye a matsayin alama.

Kafin ka fita ka cika cajin wayarka, ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, don tura kuɗi ta waya yakan maƙale a daidai lokacin da direba ke jira. Ka ajiye lambar 122, ta kiran gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra kuma kyauta ce. In direban da ya kai ka ya yi tuƙi mai kyau, karɓi lambarsa kafin ka sauka, ka tambaye shi ƙarfe nawa zai yi lodinsa na ƙarshe zuwa Bauchi, ka ce ya riƙe maka kujera.