Xiaobei, Huangqi ko Panyu: ina ya kamata ka kama haya a Guangzhou?

Wanda ya zo sarin kaya na mako biyu ba shi da matsala. Otal zai sauka, ya cika kwantena, ya koma Kano. Tambayar tana kan wanda ya yanke shawarar zama, ko shi kaɗai ko da iyali, saboda a Guangzhou, babban birnin kasuwanci na kudancin Chaina, unguwar da ka zaɓa ita ke yanke maka awa nawa za ka yi a hanya, inda za ka yi Juma'a, da ofishin 'yan sandan da zai riƙe sunanka.

Kusan kowane Bahaushe a Xiaobei yake fara sauka, cikin gundumar Yuexiu, a kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Nan ne dogon ginin Tianxiu yake, nan ne za ka ji Hausa da Bambara da Faransanci a bakin gada, ka ci shinkafa da miya ba tare da tambayar wanda ya yanka naman ba. Masallacin Xianxian, inda mutanen gari ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, bai yi nisa ba. Aibinta biyu: ɗakuna ƙanana ne kuma tsofaffi ga tsada, sannan binciken fasfo ya fi yawa a nan fiye da ko'ina. Sanyuanli, a gundumar Baiyun, kusan haka take, sai dai can 'yan kudancin Najeriya suka fi yawa, kuma kasuwannin tufafi da jakunkuna suna ƙofar gidanka. Ga gwauro a shekararsa ta farko, ban ga abin da ya fi waɗannan biyun ba.

Sai mutum ya fara lissafin kuɗin haya hankalinsa ya koma bayan gari. A nan ne ake yin kuskure.

Huangqi ita ce wadda za a fara ambata maka. Daga tashar Jiaokou, ƙarshen layi na 5 ta yamma, mota kaɗan za ka hau ka isa. Gidajen sun fi faɗi, hayar ta fi sauƙi, kuma 'yan Afirka sun daɗe da zama a wurin. Abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne Huangqi ba Guangzhou ba ce. Tana cikin gundumar Nanhai ta birnin Foshan. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta ce baƙon da bai sauka a otal ba dole ya yi rajista da 'yan sandan unguwarsa cikin awa 24, kuma takardar rajistar nan ita za a nema duk ranar da ka je ƙara wa'adin biza. In adireshinka na Foshan, harkokinka na Guangzhou, to ka shirya zirga-zirga tsakanin hukumomi biyu. Wanda bizarsa ta ƙare yana zaune kuwa, tarar yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi.

Ni Panyu na zaɓa, kuma da farko ban zaɓa da kyau ba. Panyu tana kudu, tsallaken kogin Pearl, gari ne mai zaman kansa a da, sai a shekarar 2000 aka mayar da shi gunduma a cikin Guangzhou. Manyan rukunin gidaje masu katanga da masu gadi da filin wasan yara sun cika ta, ga babbar tashar jirgi mai gudu ta Guangzhou South wadda ke kai ka Shenzhen da Hong Kong. Na kama gida kusa da Shiqiao saboda araha, a kan layi na 3. Wanda bai shiga layi na 3 da ƙarfe takwas na safe ba bai san cunkoso ba. Jirgi biyu za su wuce ka kana tsaye, na ukun kuma jama'a ce za ta tura ka ciki. Kusan awa guda nake yi kafin in isa Xiaobei, da canjin jirgi a tsakiya.

Wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin ne ya gyara min. Ya ce, “Yaro, wa ya aike ka can? Ka dubi layi na 2.” Na duba. Daga Luoxi ko Nanpu, duk a cikin Panyu, jirgi ɗaya ne zai kai ka Yuexiu Park inda za ka sauka don Juma'a a Masallacin Xianxian, tasha ta gaba kasuwannin bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta gabanta Sanyuanli. Na ce, “Alhaji, da na san haka ai da ban biya kuɗin ajiya ba.” Dariya kawai ya yi.

Kuɗin ajiyar nan ba wasa ba ne. Al'adar garin hayar wata biyu ce ajiya, wata ɗaya biya, ga na dillali, ga kuɗin kula da rukunin gidaje duk wata. Kafin ka miƙa ko kwabo, ka ce mai gidan ya raka ka ofishin 'yan sanda da takardun gidansa. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi. Waɗanda suka ga watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou saboda korona har Abuja ta yi ƙorafi, sun san amfanin yarjejeniya a rubuce da mai gida mai mutunci.

Akwai hanya mafi araha, wato tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, inda benaye suka matsu har maƙwabta za su iya gaisawa da hannu ta taga. Ba na ba mai iyali shawararsu. Rana ba ta shiga, mai gida shi ke yanka maka kuɗin wuta yadda ya ga dama, kuma wajen watan Maris akwai wani danshi da ke sa bango ya riƙa zubar da ruwa kamar randa. Shaddodina biyu suka yi funfuna a cikin akwati. Ka nemi bene na sama, mai taga ta kudu da na'urar sanyaya ɗaki mai busar da iska.

Harshe ma yana cikin lissafi. A kasuwa Mandarin da kalkuleta sun wadatar, amma a Panyu da Huangqi tsofaffi Kantonis, wato harshen mutanen yankin, suke yi a tsakaninsu, kuma masu gidajen yawanci su ne. Tsohuwar da na yi haya a wurinta ba ta taɓa sakin fuska ba sai ranar da na ce mata “m goi”, wato na gode, bayan ta gyara min famfo. Washegari ta aiko jikanta da lemo.

Abinci shi ne inda Panyu ta gaza. Girkin Kantonis cike yake da naman alade da kitsensa, har a cikin abin da kake zaton ganye ne zalla. Shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo, na Musulmin arewa maso yammacin Chaina, su ne mafaka, amma ba mai iya cin taliya kullum. Mu duk Juma'a bayan an idar da salla muke sayen naman mako a wajen masallaci, uwargida ta rarraba shi a leda, a zuba a firiza. Don haka in za ka duba gida a Luoxi, buɗe firijin ka ga girmansa tun kafin ka leƙa ɗakin kwana.